Yadda za ka riƙe gidan haya a Kaduna idan wannan ne karonka na farko

Na fara karɓar kuɗin haya ne a gidan da mahaifinmu ya bari a Tudun Wada, ɗakuna takwas da banɗaki biyu, 'yan'uwa suka ce ni ne babba, in riƙe. Daga baya Allah ya hore na gina ciki da falo guda huɗu a Kinkinau, yanzu kuma ina kula da gidajen wasu dangi biyu da aiki ya kai su Abuja. Na sha zama gaban mai unguwa, na je kotu sau ɗaya, akwai kuma 'yan hayar da suka tashi shekaru da dama amma har yau muna zumunci. Abin da na lura shi ne, rigimar da take tasowa a wata na goma da shigar ɗan haya, tun kafin a miƙa makulli aka shuka ta: ko dai maganar da aka ji nauyin faɗa, ko wadda aka faɗa da baki ba a rubuta ba. Shi ya sa mafi yawan bayanina zai tsaya kan abin da za ka yi kafin ɗan haya ya sauke kayansa.

Abubuwan da za ka tanada

Ka sayi babban littafi mai bangon kwali, ka ware wa kowane ɗaki shafinsa. Ka sayi littafin rasit mai kabon, wanda kwafi ke saura a hannunka. Sai fayil guda na takardun gida, da waya mai kyamara, da kwafin kowane makulli da lambar ɗakinsa a jiki. Ka buɗe asusun banki daban na kuɗin haya kaɗai. In ba hali, ko asusun waya ne ka ware, kada dai ya haɗu da kuɗin cefane.

Akwai kuma mutane biyar da dole lambarsu ta kasance a wayarka kafin buƙata ta taso: mai gyaran famfo, mai wayarin, kafinta, birkila, da lauya. Kada ka bari sai famfo ya fashe da tsakar dare sannan ka fara tambayar wa ya san mai gyara.

1. Ka fara da takardun gidan

A ƙarƙashin dokar amfani da filaye ta 1978, filin birni yana hannun gwamna ne, abin da kake riƙe da shi izinin zama ne, shaidarsa kuma ita ce takardar mallaka da ake kira C of O. A Kaduna hukumar KADGIS ce ke bayar da ita, ita ce kuma ke lissafin harajin ƙasa na shekara-shekara. Ka je ka duba ko akwai bashi a kan filin. Idan takardar ciniki kawai gare ka mai sa hannun mai unguwa da hakimi, wannan ba zai hana ka ba da haya ba, amma ka fara neman takardar gwamnati daga kuɗin hayar farko.

In gidan gado ne, kada ka sa kowa a ciki sai magada sun rubuta sun sa hannu cewa kai ne wakilinsu, an kuma faɗi yadda za a raba abin da ya shigo. Na ga gidan da ƙani ya karɓi kuɗin ɗaki, wa ma ya karɓa daga wani mutum daban, aka wayi gari mutum biyu a bakin ƙofa ɗaya kowa da rasit.

Idan kuma kana tunanin fasa katangar gaba ka fitar da shaguna, sai da izinin KASUPDA, hukumar tsara birane ta jiha. Wanda ya zauna Kaduna a shekarun gyaran birni na gwamnatin El-Rufa'i ya ga abin da ya sami gine-ginen da ba su da izini.

2. Ka gyara gidan tun babu kowa a ciki

Gyaran da za ka yi cikin kwana biyu a ɗakin da ba kowa, sai ya ci mako biyu da ɓacin rai idan akwai gado da kujeru da yara. Ka fara daga sama. Ka sa kafinta ya hau ya duba kwano da katako, ya nemi gara. In da rani ne ba ka ganin yoyo, dubi silin: duk inda ka ga tabo ruwan ƙasa, ruwa na sauka a wurin. Kuskuren da sababbin masu gida ke yi shi ne su shafa fenti a kan tabon su wuce, sai ruwan Agusta ya tona asiri. Ka duba gindin bango, in filasta na kumbura tana zubowa, danshi ne daga ƙasa, fenti ba ya maganinsa.

Daga nan ka buɗe murfin sokawe ka ga inda ya kai. In ya kusa cika, ka kira motar kwasa tun yanzu. Ka yashe lambatun ƙofar gida. Wanda gidansa ke kusa da kogi, kamar wajen Kigo Road, Rafin Guza ko Bashama, ya gaya wa mai neman haya gaskiya cewa ruwa kan shigo a wasu shekarun. Ɓoye wannan ha'inci ne, kuma maƙwabta za su faɗa masa a makon farko.

Idan kuɗinka bai isa ka gyara komai ba, ka fifita rufi, banɗaki, ƙofa da wayarin. Tayil da fenti mai tsada su jira.

3. Wuta da ruwa

A nan zan ɗan daɗe, domin ban san abin da ya fi waɗannan biyu haɗa faɗa a gidan haya ba.

Mafi sauƙi shi ne kowane ɓangare ya samu mitarsa ta kati daga Kaduna Electric, kowa ya sayi abin da zai sha. Kafin sabon mutum ya shiga, ka je ofishinsu da lambar mitar ka tambaya ko akwai tsohon bashi a kanta, saboda in akwai, daga katin da sabon ɗan haya ya saya za a riƙa cira, shi kuma kai zai tuhuma. Ni wannan ya taɓa samuna: wani da ya zauna shekara biyu a ɗakin ƙarshe ya tashi muka rabu lafiya, bayan wata guda sai ga takardar bashin wuta na watanni bakwai. Ni na biya, domin ban duba ba kafin in karɓi makulli.

Idan mita ɗaya ce ga gida duka, ka sayi ƙananan mitoci na kasuwa mai wayarin ya ɗaura wa kowane ɗaki, sai a raba kuɗin kati gwargwadon abin da kowa ya sha. In wannan ma ba hali, a zauna a ƙirga kayan wutan kowa a rubuta, mai firiza da hita ba zai biya daidai da mai ƙwan fitila da fanka ba. Ka kuma rubuta ɓaro-ɓaro cewa duk wanda ya yi satar wuta ta bayan mita, tarar a kansa take. Idan ma'aikata suka kama, gidanka za su yanke, sunanka ne a takarda.

Ruwan famfo ba kowace unguwa yake zuwa kullum ba, don haka yawancinmu rijiya ko burtsatse muke dogaro da su. Ka yanke tun farko: wa zai riƙa kunna injin, ƙarfe nawa, daga wace mita, wa zai biya in ya ƙone. Abin da nake yi shi ne, wutar jan ruwa 'yan haya ke haɗawa duk wata, in injin ya mutu don tsufa ni ke saye, in kuwa an bar shi yana juyi babu ruwa har ya ƙone, a raba. Rijiya kuma lallai a yi mata murfin ƙarfe da kwaɗo saboda yara.

4. Yanke kuɗin haya

Kada ka ɗora lissafi a kan abin da ka kashe wajen gini, kasuwa ba ta san wannan ba. Ka zaga layinku da layuka biyu na kusa, ka tambayi gidaje uku ko huɗu masu kama da naka. Abin da ake biya a Malali ko Unguwar Rimi daban, na Rigasa ko Hayin Banki daban, ko a unguwa ɗaya ma gidan bakin kwalta da na cikin lungu ba ɗaya ba ne. Ka tuna ɗakin da ya zauna wata uku babu kowa ya riga ya cinye rubu'in kuɗin shekara, saboda haka rangwame kaɗan ga mutumin kirki ya fi tsayawa kan farashi.

A Kaduna kuɗin shekara aka saba karɓa. Ni ba na karɓar na shekara biyu ko an ba ni, domin kuɗin kan ƙare tun a shekarar farko, sai ka shiga ta biyu kana gyara daga aljihunka.

5. Dillali da zaɓen ɗan haya

Dillali yana da amfani, shi ya san masu nema. La'adarsa bisa al'ada kashi 10 cikin 100 ce, kuma mai shiga ne ke biya. Sai dai ka sani shi la'adarsa yake nema, da ya karɓa ya gama, kai za ka zauna da mutumin. Kada dillali ya karɓi kuɗin haya a madadinka, kada ka bar masa makulli ya kwana da shi, kada kuma ka amince da "mutumina ne, na san shi" ba tare da ka ga mutumin da idonka ba.

Ka zauna da mai neman, ku gaisa sosai, sannan ka yi tambayoyinka cikin mutunci. Me yake yi, ina wurin aikinsa ko shagonsa? Mutum nawa za su zauna? Daga ina zai taso, me ya sa zai tashi? Ka karɓi kwafin katin ɗan ƙasa da hoto, da lambar wani nasa na jini. Ka nemi ya kawo wanda zai tsaya masa, mutum mai adireshi sananne a cikin gari, shi ma ya sa hannu. In da hali ka je tsohuwar unguwarsa ka tambayi mai gidan da zai bari, ko mai shagon bakin layi. Tafiyar awa ɗaya ce, takan raba ka da wahalar shekara.

Idan mutum yana gaggawa, ya ce zai biya ninki amma ba ya son tambaya, ko ya ce wani zai kama wa ɗakin wanda ba za ka gani ba, ka ba shi haƙuri. Da halin tsaron da ake ciki, in wani abu ya faru a gidan, mai gida jami'an tsaro ke fara nema. Shi ya sa nake kai kowane sabon ɗan haya ya gaisa da mai unguwa.

Wani abu da nake so ka riƙe: Kaduna gari ne na kowa. Ma'aikacin gwamnati zai zo maka, ɗalibin Kadpoly ko KASU zai zo, soja zai zo, wanda ke bin jirgin ƙasa daga Rigasa zuwa aiki Abuja zai zo, haka wanda rashin tsaro ya koro daga ƙauyensu da iyalinsa. Halin mutum da iya biyansa za ka duba. In gidanka na da ƙa'ida, misali ba a shigo da giya, ko ana rufe ƙofa ƙarfe goma sha ɗaya, ko ɓangaren masu iyali ne ba a sa gwauro, ka faɗa tun kafin ya biya, ya zaɓa da kansa.

'Yan'uwa da abokai kuwa, su ne suka fi wuya. In za ka taimaki ɗan'uwa, ka taimake shi a fili, ka ce ya zauna kyauta zuwa lokaci kaza. In haya ce, a rubuta kamar ta kowa.

6. Yarjejeniya a rubuce

Wasu na ganin rubutu rashin yarda ne. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, don haka babu abin jin kunya. Ka sa lauya ya tsara maka sau ɗaya, ka riƙa amfani da ita kana canja suna da kwanan wata. Ka tambayi lauyan ko akwai buƙatar a kai ta hukumar haraji ta jiha, KADIRS, a buga mata hatimi, domin ta tsaya da ƙafarta in an je kotu. Idan babu kuɗin lauya, ku rubuta da Hausa a takarda, kowa ya sa hannu ko ya dangwala yatsa, da shaidu biyu, ɗaya naka ɗaya nasa, kowa ya riƙe kwafi. Wanda bai iya karatu ba a karanta masa gaban shaidunsa.

Ga abin da ba na bari ya fita daga ciki: cikakken suna da adireshin gida da lambar ɗaki, ranar shiga da ranar ƙarewa, nawa ne kuɗin, yaushe ake biya, a wane asusu, kuɗin ajiya na ɓarna da sharaɗin mayar da shi, yawan mutanen da za su zauna, ba a ba wani haya a ƙarƙashi ba da izini ba, ba a fasa bango ko mayar da ɗaki shago, rabon kuɗin wuta, ruwa, shara, 'yan sintiri da kwasar sokawe, wa'adin notis ga kowane ɓangare.

Maganar gyara ka fayyace ta sosai. Rufi, bango, sokawe, babban wayarin da tanki na mai gida ne. Ƙwan fitila, kan famfo, gilashin da yaro ya fasa, makullin da aka ɓatar, na ɗan haya ne. Sai jumla ɗaya da ta cece ni sau da yawa: duk gyaran da ɗan haya zai yi da niyyar cirewa a kuɗin haya, sai ya sami amincewata a rubuce kafin ya fara, ko da saƙon waya ne. In ba haka ba, ƙarshen shekara za a kawo maka lissafin tayil da ba ka ce a sa ba.

7. Ranar miƙa makulli

Sai kuɗi ya shiga asusunka ka gani da idonka, ba hoton shaidar turawa ba. Ka rubuta rasit mai ɗauke da daga wane wata zuwa wane wata. Masu albashi za su ƙara matsa maka a kan rasit yanzu, domin sabuwar dokar haraji da ta fara aiki a Janairun 2026 ta ba su damar cire kashi 20 cikin 100 na kuɗin hayar da suka biya daga kuɗin shigar da ake yanke musu haraji a kansa, iyakarsa naira 500,000.

Ku zaga ɗakin tare. A kunna kowane soket, a buɗe kowane famfo, a ja ruwan masai, a ƙirga gilasan taga. Ka ɗauki hoto da bidiyo yana tsaye, ka tura masa ta WhatsApp nan take, ranar ta zauna a wayoyinku duka biyu. Ka rubuta abin da mita ke nunawa. Sannan ka gabatar da shi ga sauran 'yan gida, a nuna masa ranar shararsa da igiyar shanyarsa.

8. Kasa kuɗin kafin ka taɓa

A ce naira 400,000 ta shigo. Ni nakan cire 60,000 in ajiye don gyara, in cire harajin ƙasa da sauran haƙƙin hukuma, abin da ya rage shi ne nawa. Tsohon gida ya fi haka ci. Kuɗin ajiya na ɓarna kuwa amana ce, ba naka ba ne, kada ka taɓa shi. Gidan da ake haya ba a fitar wa ginin kansa zakka, amma kuɗin da ya taru in ya kai nisabi ya shekara a hannunka, akwai zakka a kansa.

9. Zaman yau da gobe

Ka riƙa leƙawa kamar sau ɗaya a wata uku, ka sanar kafin ka zo, ka yi sallama ka jira izini. Gidan naka ne, amma ɗakin nasa ne har wa'adinsa ya cika, kuma ba a shiga wa matar mutum ba ya nan. In an kira ka kan yoyo ko masai ya toshe, ka je cikin kwana ɗaya ko biyu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma mai gidan da ke zuwa gyara da wuri shi ake jin kunyar riƙe wa kuɗi. Kafin damina, wajen Afrilu, ka sake duba kwano da lambatu.

A gida mai ɗakuna da yawa, ka naɗa dattijo ɗaya daga cikinsu ya riƙa tattara kuɗin wuta da shara, ka ɗan rage masa haya. Faɗan mata a kan yara ko wanki kada ka yi saurin shiga, ka bar mazajensu da dattijon gida su fara. In ya zo gabanka, ka ji ta bakin kowa a gaban kowa.

Ƙarin kuɗin haya kuma a sanar a rubuce tun da sauran wata uku ko fiye, ba ana gobe biya ba.

10. Idan kuɗi ya makara

Ka tuna masa tun saura wata biyu. In lokaci ya yi bai biya ba, ka kira shi gefe, ba a tsakar gida gaban matarsa da 'ya'yansa ba. Ka ce masa, "Malam, lafiya dai? Me ake ciki?" Mutumin da ya shekara uku yana biya a kan lokaci sannan albashi ya tsaya ko rashin lafiya ta same shi, ya cancanci a jira shi. Ku raba kuɗin kashi biyu ko uku, a rubuta ranaku, ya sa hannu. Wanda kuma ya daina ɗaga waya, yana fita da asuba don kada ku haɗu, sai ka nemi wanda ya tsaya masa, daga nan mai unguwa ko limami. Yawancin magana a nan take mutuwa.

In ba ta mutu ba, hanya ɗaya ce: doka. Kada ka cire ƙofa, kada ka kware kwano, kada ka yanke masa wuta da ruwa, kada ka sa kwaɗo ko ka watso kayansa waje, kada ka kai shi wurin 'yan sanda don bashin haya ba laifin da suke bi ba ne. Duk wanda ya yi ɗaya daga cikin waɗannan, shi mai gaskiya sai ya koma wanda ake ƙara, har a ce ya biya diyya.

Lauya zai rubuta notis na tashi. In yarjejeniyarku ta faɗi wa'adi, shi za a bi. In ba ta faɗa ba, abin da kotuna suka saba bi shi ne wata ɗaya ga mai biyan wata-wata, wata shida ga mai biyan shekara. Bayan ya cika sai notis na kwana bakwai cewa za ka garzaya kotu, sannan a shigar da ƙara. Kuskure a lissafin ranaku kan rushe shari'ar a koma farko, shi ya sa ba na rubuta notis da kaina. Kada ka karɓi sabon kuɗin haya a wannan tsakani sai ka tambayi lauyanka. Idan alƙali ya yanke hukunci, ma'aikatan kotu ne ke fitar da mutum, ba kai ba.

Sau da yawa na yafe bashin wata biyu ko uku don mutum ya tashi cikin mako biyu da kansa. In ka lissafa kuɗin lauya da zirga-zirga da watannin da ɗakin zai yi a rufe, hakan ya fi araha, kuma an rabu ba a ci mutuncin kowa ba.

11. Ranar tashi

Ku sa rana, ka zo da hotunan ranar shiga. Ku zaga tare kamar farko. Fentin da ya koɗe da tsufan shekaru ba a cajin mutum a kansa. Ƙofar da aka ɓalle da gilashin da ya fashe ana cirewa a kuɗin ajiya, ka nuna masa rasit na gyaran, ka mayar masa da ragowar cikin mako ɗaya ko biyu. Ka tabbatar babu bashin wuta, na shara da na 'yan sintiri kafin motar kaya ta tashi. Ka karɓi makullai duka, ku rubuta cewa ya miƙa ɗaki ranar kaza, babu bashi tsakaninku, ya sa hannu a shafinsa na babban littafi. Ko ya kawo makullai cif, ka kira kafinta ya canja kan makullin ƙofar waje a ranar, kafin ka gaya wa dillali ɗaki ya fita.